Fenti Yana Ɓarewa a Makewayi: Dalili da Magani

Masu karatu, da yawa daga cikinku kun san wannan matsala. Mutum ya tara kuɗi, ya sayi fenti, ya biya mai shafawa, makewayinsa ya yi fes. Damina ɗaya ta wuce, sai ga fentin ya kumbura, ya tsattsage, yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Ya sake saye, ya sake shafawa, baɗi kuma abin ya dawo. Daga nan sai ya ɗora laifi a kan mai kanti ko a kan mai fenti.

Wani lokaci laifin nasu ne. Amma mafi yawan lokuta ba nasu ba ne. Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka fenti ba ya ɓarewa banza. Ruwan da ya shiga cikin bango shi ne yake ture fenti daga baya. Wanda ya shafa sabon fenti bai tsayar da wannan ruwa ba, ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Saboda haka aikin yana da jeri wanda ba a tsallakewa. Da farko a gano inda ruwa yake fitowa. Sa'an nan a toshe masa hanya. Sa'an nan a bar bango ya bushe. Fenti shi ne na ƙarshe.

Me ya sa za a damu da ɓarewar fenti?

Wani zai ce ai makewayi ne, ba ɗakin baƙi ba. To, akwai dalilai 3 da suka sa ba a raina wannan alama.

Na farko, bangon kansa. Fenti da ya ɓare yana shaida muku cewa bango yana shan ruwa. Bangon siminti idan ya daɗe da laima sai shafensa ya rugurguje. Bangon ƙasa kuwa gindinsa ne yake zaizayewa, har wata rana ya kasa ɗaukar nauyin da ke samansa. Kowa ya ga abin da ruwa ya yi a daminar 2024, lokacin da gidaje masu yawa suka rushe a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ko tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba na shekarar 2024. Bangon da ruwan wanka ya riga ya ci gindinsa ba ya jure ruwan sama mai yawa.

Na biyu, numfashi. Bango mai laima yana yin fumfuna, wato baƙin dabbare-dabbare mai warin ruma. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna cikin gidaje. Ta nuna cewa zama a wuri mai laima yana ƙara tari da mura da wahalar numfashi, yana kuma tayar wa masu asma da ciwonsu.

Na uku, yara ƙanana. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. Wasu fentoci suna da gubar dalma a cikinsu. Za mu yi bayanin wannan a gaba.

Yadda ruwa yake ture fenti

Ku dubi randar ƙasa. Idan an cika ta da ruwa, jikinta yana tsattsafowa, domin akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Bango ma haka yake, na ƙasa ne ko na siminti. Yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi idan ya sami iska da rana.

Fenti kamar fata ce da aka shimfiɗa a kan bango. Idan ruwan da ke ciki ya zo fita ya tarar da wannan fata ta tare shi, sai ya taru a bayanta. Da zafi ya bugo, sai ya tura ta waje. Shi ne kuke ganin fenti ya yi bororo, daga baya ya fashe.

Ruwan kuma ba shi kaɗai yake tafe ba. Yana ɗauke da gishirin ƙasa da na siminti. Idan ruwan ya bushe, gishirin yana zama a fuskar bango, fari fat kamar garin kanwa. Wannan gishiri yana cin shafe, yana kuma raba fenti da bango.

Hanyoyi 4 da ruwa yake shiga bango

1. Ruwan wanka. Duk lokacin da aka watsa ruwa a jiki, wani kashi yana fantsama a bango. A gida mai mutum 10, bangon yana jiƙewa sau da yawa kowace rana. Alamarsa ita ce ɓarewa daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa, musamman a gefen da ake tsayawa. Fitsarin da ake yi a gindin bango yana ƙara ɓarna, domin shi ma yana barin gishiri.

2. Ruwan da ke hawowa daga ƙasa. Idan ruwa yana kwanciya a daɓe, ko a bayan bango inda rariya take zubarwa, gindin bango yana tsotsarsa kamar yadda lagwani yake tsotsar kananzir. Alamarsa ita ce laima daga ƙasa zuwa kamar mita 1, da layi mai duhu a samanta, da farin gishiri.

3. Yoyo. Tiyon famfo da aka binne cikin bango yana iya hujewa. Kwanon rufi yana iya yoyo. Indararo yana iya zubar da ruwa a jikin bango. Tsaga a saman katanga tana iya shigar da ruwan sama. Alamar yoyo ita ce laima a wuri guda, wadda take yaɗuwa daga tsakiya, ko take gangarowa daga sama.

4. Tururi. Ku tuna marfin tukunya, yadda ruwa yake taruwa a cikinsa idan ana dahuwa. Haka yake faruwa a makewayi mai rufi wanda ba shi da taga, musamman da hunturu, lokacin da ake wanka da ruwan zafi bango kuwa yana da sanyi. Alamarsa ita ce fumfuna da ɓarewa a sama, a kusurwoyi da ƙarƙashin rufi. Makewayi marar rufi ba ya fama da tururi, amma ruwan sama yana dukan bangonsa ciki da waje.

Akwai kuma ɓarewar da take zuwa daga kuskuren aiki: an shafa fenti a kan ƙura, ko a kan kumfar sabulu da ta bushe, ko a kan farar ƙasa, ko a kan ɗanyen siminti.

Gwaje-gwaje 5 da za ku iya yi da kanku

Kafin ku kashe ko dala, ku yi waɗannan gwaje-gwaje. Ba su bukatar ma'aikaci.

Gwajin leda. Ku yanko leda mai haske, tsawonta da faɗinta kamar rabin mita. Ku manna ta a bango inda kuke zargi, ku liƙe gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ku bar ta kwana 1 ko 2. Idan kun ga raɓa tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin bango yake fitowa. Idan raɓar tana fuskar leda ta wajen ɗaki, tururi ne.

Gwajin mita. Idan gidanku yana da famfo, ku rufe dukan famfunan, ku rubuta lambar da ke kan mitar ruwa. Kada kowa ya ɗebi ruwa har awa 2. Ku sake karanta lambar. Idan ta ƙaru, akwai tiyon da yake yoyo.

Gwajin ƙwanƙwasa. Ku ɗauki ƙotar wuƙa ku riƙa ƙwanƙwasa bango. Inda ya yi ƙara kamar ganga, shafe ya rabu da bango, kuma dole a sauke shi.

Gwajin tafin hannu. Ku shafa tafin hannu a bango. Idan ya fito da farin gari, fenti ba zai kama wurin ba sai an kankare an wanke.

Gwajin alkol. Ku jiƙa tsumma da alkol na kantin magani, ku goga a tsohon fenti. Idan launi ya biyo tsumma, fentin ruwa ne. Idan bai biyo ba, fentin mai ne. Ku riƙe wannan amsa, za ta yi amfani wurin sayen sabo.

Toshe wa ruwa hanya

Daɓe. Dole daɓen makewayi ya gangara zuwa rariya. A kowace mita 1, ya sauka da santimita 2, wato kamar faɗin yatsa guda. Ku zuba bokitin ruwa ku gani. Idan ruwa ya kwanta a wani wuri, magini ya gyara daɓen. Inda daɓe ya haɗu da bango, a cika kusurwar da siminti a lanƙwasa ta, don kada ruwa ya sami wurin maƙalewa.

Rariya. Kada rariya ta zubar a gindin bango. Ku sa tiyo ya kai ruwan nesa da bango, taku 4 ko 5 idan fili ya ba da dama. A can ku haƙa rami mai zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi, ku cika shi da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, ku rufe bakinsa. Ƙasa za ta shanye ruwan a hankali. Ramin ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Wannan ya fi buɗaɗɗen gologo, wanda yake jiƙa bango, yake tara sauro, yake kuma haɗa faɗa da maƙwabta.

Bayan bango. Ku zagaya ku duba. Ku kwashe shara da tarin ƙasa da suka jingina da bango. Ku cika gindinsa yadda ruwan sama zai gangara ya bar shi.

Yoyo. Ku kira mai gyaran famfo ya canza tiyon da ya huje. Ku liƙe hujin kwano. Ku tsawaita indararo ya zubar nesa da bango. Ku cike tsagar saman katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Iska. Makewayi mai rufi yana bukatar ƙofar iska 2: ɗaya a sama kusa da rufi, ɗaya a ƙasan ƙyaure. Iska mai ɗumi tana fita ta sama, sabuwa tana shigowa ta ƙasa. Bulo mai huji ya isa. Ku sa masa raga saboda sauro.

Idan gidan haya kuke, ku nuna wa mai gida laimar tun da wuri. Gyaran tiyo da rufi da rami ya fi sauƙi a kan sake gina bango.

Lokacin da ya dace da aiki

Kada ku yi fenti da damina. Daga watan Yuni zuwa Satumba iska tana da laima, bango kuma ba ya bushewa. Lokaci mai kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku kauce wa ranar da hazo da ƙura suka yi yawa, domin ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Idan dole ta sa kuka yi aiki da bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ku yi shi da sassafe. Zafi mai tsanani yana busar da fuskar fenti kafin ya kama bango.

Muddin ana aiki, ba a wanka a wurin. Ku kafa zana a wani gefen gida, nesa da bango, iyali su yi amfani da ita na ɗan lokaci.

Hattara da gubar dalma

Dalma ƙarfe ce mai guba. Wasu masana'antu suna sa ta cikin fentin mai, musamman mai launin rawaya da ja da ruwan goro. Fentin ruwa bai cika ɗauke da ita ba. Ido ba ya iya gane fentin da ke da ita.

Idan dalma ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage masa fahimta, ta kawo ƙarancin jini. Sau da yawa ba a ganin alama da wuri. Tana kuma cutar da jaririn da ke cikin ciki. OMS ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, wadda take maƙwabtaka da jihar Maraɗi, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba. Amma gubar ɗaya ce, kuma ta ƙura da hannu da baki take shiga.

Saboda haka idan za ku kankare tsohon fentin mai:

- Ku fitar da yara da mata masu ciki daga wurin har a gama shara.
- Ku kawar da randa da tulu da kwanonin abinci. Ku ɗaure awaki da kaji nesa.
- Ku shimfiɗa leda ko buhu a ƙasa, ku toshe rariya.
- Ku yayyafa wa fentin ruwa kafin ku kankare, don kada ƙura ta tashi.
- Kada ku goge shi a bushe, kada ku ƙona shi da wuta.
- Ku rufe hanci da baki da takunkumi, ku kare idanu.
- Ku tattara ɓarɓashin cikin leda, ku ƙulle, ku kai inda yara da dabbobi ba sa isa. Kada ku zuba shi cikin takin gona.
- Ku wanke hannu da fuska kafin cin abinci. Ku wanke tufafin aiki daban.

Idan kun ga yaro yana cin ɓawon fenti, ku kai shi asibiti ku gaya wa likita abin da kuka gani.

Matakan gyara

1. Idan akwai wutar lantarki a makewayi, ku kashe ta daga mita. Jiƙaƙƙen bango da waya ba sa haɗuwa.

2. Ku kankare duk fentin da ya saki, har ku kai inda ya kama gam. Idan akwai farar ƙasa a ƙarƙashi, ku kankare ta duka.

3. Ku sauke shafen da ya yi ƙarar ganga da wanda ya rugurguje.

4. Ku wanke bango da ruwa da garin sabulu, don fitar da maiƙo da dattin wanka. Ku ɗauraye da ruwa mai tsabta.

5. Inda akwai fumfuna, ku haɗa ruwan javel awo 1 da ruwa awo 10. Ku shafa, ku bar shi minti 15, ku goge da buroshi, ku ɗauraye. Ku sa safar hannu ta roba, ku bar ƙofa a buɗe. Kada ku taɓa haɗa javel da wani maganin wanke masai ko ruwan batir, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

6. Ku bar bango ya bushe. Wannan yana iya ɗaukar mako 2 ko fiye, gwargwadon kaurin bango da yawan ruwan da ya sha. Idan farin gishiri ya fito, ku share shi da busasshen buroshi. Kada ku wanke shi, domin ruwa zai narkar da shi ya mayar da shi ciki.

7. Magini ya cike wuraren da aka sauke da sabon shafe: siminti awo 1, yashi mai tsabta awo 3 ko 4. Yashi mai laka ko mai gishiri yana ɓata shafe. Daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa a goge shafen ya yi sumul. Ana sayar da maganin hana shan ruwa da ake zubawa cikin kwaɓin siminti. Idan kun samu, ku bi awon da aka rubuta a jikinsa.

8. Ku riƙa yayyafa wa sabon shafe ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti da ruwa yake ƙarfi. Idan iskar hunturu ta busar da shi da wuri, sai ya tsattsage.

9. Ku jira kwana 28 daga ranar da aka yi shafe. Nan ne mutane da yawa suke gazawa. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka. Mata masu yin sabulun salo sun san abin da ruwan toka yake yi wa mai: yana mayar da shi sabulu. Haka ɗanyen siminti yake yi wa fentin mai, ya yi laushi, ya yi danƙo, ya saɓule.

10. Ku sake gwajin leda. Idan babu raɓa a bayanta, bango ya shirya.

Zaɓen fenti da shafa shi

Fenti iri 2 ne a kasuwa. Akwai na ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa. Akwai na mai, wanda yake ƙyalli, ake sirka shi da mai na musamman.

Fentin ruwa mai araha, wanda yake barin gari a hannu, bai dace da wurin wanka ba. Araha ba ta ado. Ku nemi fentin ruwa mai kyau wanda ake iya wankewa, irin wanda aka yi don bangon waje ko don wuri mai laima. Yana jure fantsamar ruwa, yana kuma barin bango ya yi numfashi.

Fentin mai yana jure ruwa daga waje, amma yana kulle ruwan da ke cikin bango. Ba a sa shi sai a bangon da ya bushe ƙamas, wanda laima ba ta hawowa daga gindinsa. Idan za ku saye shi, ku nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma. Ku sa wanda ya iya Faransanci ya karanta muku.

Fentin ruwa ba ya kama fentin mai mai santsi. Idan gwajin alkol ya nuna tsohon na mai ne, ku goge fuskarsa da jiƙaƙƙiyar takarda mai yashi har ƙyallin ya mutu, ku wanke, ku bari ya bushe.

Kafin fenti akwai shafin farko, wanda yake kama bango ya riƙe fenti. Ku gaya wa mai kanti irin bangonku, sabon siminti ne ko tsohon fentin mai, ya ba ku wanda ya dace. Bayan ya bushe, ku shafa fenti sau 2, siriri siriri. Shafi 2 marasa kauri sun fi 1 mai kauri. Tsakanin shafi da shafi, fentin ruwa yana bukatar kamar awa 4 zuwa 6, na mai kuwa kwana 1. Kada ku yarda a cika wa fenti ruwa don ya yi auki. Bayan an gama, ku ƙara kwana 3 aƙalla kafin a koma wanka, kada kuma a dirje bangon sai bayan wata 1.

Mai hali ya sa karo daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa, ya yi fenti a sama. Marar hali ya bar wannan sashe da gogaggen siminti ba fenti. Ya fi fentin da zai ɓare baɗi.

Lissafin fenti

Ga misali. Makewayi yana da faɗin mita 1 da rabi, tsawon mita 2, tsayin mita 2 da rabi.

- Kewayen bango: 1 da rabi, da 2, da 1 da rabi, da 2, sun zama mita 7.
- 7 sau 2 da rabi ya zama murabba'in mita 17 da rabi.
- A cire ƙofa, kamar 1 da rabi. Saura 16.
- Shafi 2 ya zama 32.
- Lita 1 tana shafe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10. Idan aka raba 32 da 8, an sami 4.

Ke nan lita 4 ta isa, ban da shafin farko. Ku auna naku makewayi ku yi irin wannan lissafi kafin ku tafi kasuwa.

Idan bangonku na ƙasa ne

Bangon ƙasa yana rayuwa ne da numfashi. Kada ku shafa masa fentin mai. Shafen siminti a kan ƙasa ma yana da haɗari, domin ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti kuwa ba ya bin ta. Idan ya tsage, ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita, ya riƙa cin bango a ɓoye. Daga waje bango yana da kyau, ciki kuwa ya zama taɓo.

Abin da ya fi shi ne a hana ruwan wanka taɓa ƙasar. Magini ya jera bulon siminti daga ciki, a gefen da ake wanka, zuwa tsayin kafaɗa, ya shafe shi, ya rufe samansa. Sauran bango a bar shi da yaɓe. A waje a sabunta yaɓe kowace shekara kafin damina. Magina na da suna haɗa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin tana sa ruwa ya zame.

Don haske, farar ƙasa ta fi dacewa da bangon ƙasa. Tana barin laima ta fita, kuma sabunta ta ba shi da tsada. Irin mai zafi da ake saye a kanti tana hana fumfuna, amma tana ƙona fata da ido. Ku sa safar hannu, ku kare idanu, ku hana yara zuwa kusa.

Idan kun ga gindin bango ya zaizaye sosai, ko tsaga tana ƙara faɗi, ko bango ya karkace, maganar fenti ta ƙare. Ku hana kowa shiga, ku kira magini a ranar.

Kula ta yau da kullum

- Bayan wanka, a share ruwa zuwa rariya da tsintsiya.
- A bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, iska ta ratsa.
- A yi fitsari a bakin rariya ko a masai, a bi shi da ruwa.
- Kada a shanya jiƙaƙƙun tufafi a jikin bango.
- A yashe rariya kowane mako.
- Kowace shekara, a watan Mayu, a duba rufi da indararo da saman katanga da ramin ruwa.
- Idan fenti ya ɓare a ƙaramin wuri, a nemi dalili nan da nan, tun bai yaɗu ba.

Masu karatu, idan kuɗinku bai isa a yi duka a shekara ɗaya ba, ku fara da gangarar daɓe da rariya da rami da ƙofar iska. Fenti ya jira baɗi. Bango marar fenti wanda ya bushe yana daɗewa a tsaye, mai fenti wanda ya jiƙe kuwa yana kan hanyar faɗuwa. Yau idan kun koma gida, ku zuba bokitin ruwa a daɓen makewayinku ku ga inda ya nufa, sa'an nan ku zagaya bayan bango ku ga inda ya tsaya. Abin da kuka gani, ku kawo shi aji ku tattauna da ƴan'uwanku.